Tsohuwar Kwamfuta Da Sabuwar Ma'ajiya: Yaushe Kwalliya Ke Biyan Kuɗin Sabulu?

LEGAS — Tun daga ranar 14 ga watan Yuni na shekarar 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya haɗe kasuwannin musayar kuɗaɗen waje, ya kuma bar Naira ta nema wa kanta farashi, sayen sabuwar kwamfuta ya zama babban al'amari ga ƙanana da matsakaitan 'yan kasuwa a ƙasar nan. Kafin wannan rana ana canza Dalar Amurka ɗaya a kan kimanin Naira 460 a farashin hukuma, amma ya zuwa watan Fabrairu na 2024 ta haura Naira 1,500. Ma'anar wannan a aljihun mai saye ita ce, kwamfutar tafi-da-gidanka wadda kuɗinta ya kai Dala 500 a ƙasar da aka sayo ta, ta tashi daga Naira 230,000 zuwa Naira 750,000, tun ma kafin a ɗora mata kuɗin jirgi da na kwastan da ribar dillali.

Wannan ne ya sa kwamfutocin da a da za a ce sun gama aiki har yanzu suke kan tebura a ofisoshin masu fiton kaya na Apapa, da shagunan 'yan canji, da wuraren buga takardu na Agege da unguwar Sabo ta Ibadan, da cibiyoyin da ke shirya ɗalibai domin jarrabawar JAMB, wadda tun shekarar 2015 aka mayar da ita kacokan ta hanyar kwamfuta. Da yawa daga cikinsu na hannu aka sayo su tun farko, wato irin waɗanda ake kira tokumbo, kamar HP EliteBook 8470p da Dell Latitude E6430 da Lenovo ThinkPad T430, waɗanda dukansu ƙirar shekarar 2012 ne. Ƙorafin masu su kusan iri ɗaya ne. A kunna kwamfuta a zauna jiran minti biyu ko uku kafin ta buɗe, a danna fayil a koma jira, abokin ciniki kuwa yana tsaye yana duban agogo.

Maganin da masu gyara a kasuwar Computer Village ta Ikeja da Banex Plaza ta Abuja suka fi bayarwa shi ne a cire tsohon faifan ajiya, a sa wata ma'ajiya da ake kira SSD a madadinsa. Shawara ce mai tushe, domin a mafi yawan tsofaffin kwamfutoci babu wani gyara guda da ke kawo sauyi mai yawa haka da ɗan kuɗi. Sai dai akwai kwamfutar da gyaran zai ƙara wa shekara biyu ko uku na aiki, akwai kuma wadda zuba mata kuɗin asara ce tsagwaronta, kuma mai sayar da kayan ba shi ne zai bambance wa ɗan kasuwa su ba.

Domin fahimtar inda nawar take fitowa, ana iya kwatanta kwamfuta da babban shagon sari. Firosesa, wato ɓangaren da ke yin lissafi, shi ne mai shago. Ƙwaƙwalwar wucin gadi da ake kira RAM ita ce kantar da yake baza kayan da ake cinikinsu a halin yanzu. Ma'ajiya kuwa ita ce sito, inda dukan kaya suke kwana. Komai zafin naman mai shago, idan yaron da ke ɗauko kaya daga sito mai nawa ne, dole ciniki ya tsaya cik.

Tsohon faifan ajiya, wanda masu gyara ke kira hadis, yana aiki ne kusan kamar faifan garmaho. A cikinsa akwai faranti na alminiyam ko na gilashi da aka shafe da sinadari mai maganaɗisu, yana juyawa sau 5,400 a minti ɗaya a yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka, wato sau 90 a kowace daƙiƙa. A samansa akwai wani siririn hannu mai kan karatu a bakinsa, yana kai da komowa ba tare da ya taɓa farantin ba. Duk lokacin da kwamfuta ta buƙaci wani bayani, sai hannun ya matsa zuwa layin da bayanin yake, sa'an nan ya jira farantin ya juyo da wurin. Matsawar da jiran sukan ci kimanin kashi 15 cikin dubu na daƙiƙa. Wannan ba komai ba ne a idon mutum, amma buɗe manhajar Windows kaɗai yana buƙatar a ɗauko dubban ƙananan fayiloli da ke warwatse a sassa daban-daban na farantin, alhali faifan bai cika iya biyan irin waɗannan buƙatu sama da ɗari a daƙiƙa ɗaya ba.

Ita kuwa SSD babu abin da ke motsi a cikinta. Ƙananan ƙwayoyi ne na lantarki, dangin waɗanda ke cikin wayar salula da katin ajiya na memori, tare da wani ɗan ƙaramin inji mai tsara inda za a ajiye kowane bayani. Ɗauko bayani daga cikinta yakan ci kimanin kashi ɗaya cikin dubu goma na daƙiƙa, kuma tana iya biyan dubban buƙatu a daƙiƙa guda. Idan babban fayil ne ake kwafa a jere, faifai mai juyawa yakan yi gudun megabait 100 ko abin da ya yi kusa da haka a daƙiƙa, ita kuma SSD irin wadda ke shiga gurbinsa takan kai megabait 550. A nan bambancin ninki biyar ne kawai. A wajen ƙananan fayiloli ne ratar ke kai ninki ɗari ko fiye, kuma aikin ofis na yau da kullum, daga buɗe littafin lissafi zuwa shiga shafin banki, kusan dukansa na ƙananan fayiloli ne. Shi ya sa kwamfutar da ke cin minti biyu kafin ta tashi takan dawo tana tashi cikin ƙasa da rabin minti bayan an yi mata sauyin.

Fasahar ba sabuwa ba ce. Kamfanin IBM na Amurka ya fitar da faifan ajiya na farko a shekarar 1956, mai faranti 50, wanda ke ɗaukar haruffa miliyan 5 kacal. Wani injiniya na kamfanin Toshiba na Japan, Fujio Masuoka, shi ya ƙirƙiro ƙwayar ajiyar da SSD ta dogara a kanta cikin shekarun 1980, kuma a 1991 kamfanin da a yau ake kira SanDisk ya sayar da SSD mai megabait 20 a kan kimanin Dala 1,000. Tsada ce ta hana ta yaɗuwa fiye da shekara ashirin, har manyan kamfanoni suka ci gaba da sa faifai mai juyawa a kwamfutocin ofis na shekarun 2010 zuwa 2016. Waɗannan kwamfutocin ne suka ƙare a kasuwannin tokumbo na ƙasar nan, da firosesa mai sauran ƙarfi da ma'ajiya mai jan ƙafa.

Kafin a kai ga batun kuɗi, wajibi ne a tabbatar cewa ma'ajiyar ce ke da laifi. Hanyar ganewa ba ta da wuya. A kwamfuta mai Windows 10 ana danna madannan Ctrl da Shift da Esc a tare, sai wani shafi ya buɗe mai nuna yawan aikin da kowane ɓangare ke yi. Idan a lokacin da kwamfutar ta yi nauyi layin ma'ajiya yana nuna kashi 100 cikin 100, na firosesa kuma yana ƙasa, to an gano ɓarawon. Idan kuwa firosesa ne ke cike, ko kwamfutar tana zafi fanka yana ta kuka, to SSD ba za ta magance wannan ba. Abin da ake buƙata shi ne a buɗe ta a kakkaɓe ƙurar hunturu da ta toshe iska, a kuma sabunta man da ke sanyaya firosesa. Haka nan kwamfuta mai RAM gigabait 4 za ta ci gaba da shaƙewa da zarar an buɗe shafukan intanet da yawa, don haka sau da yawa gyaran bai cika ba sai an ɗaga RAM zuwa gigabait 8. SSD ba ta ƙara saurin intanet, ba ta kuma rayar da mataccen batir, ko da yake takan rage cin wuta kaɗan.

Abu na biyu shi ne irin mahaɗin da ke cikin kwamfutar, domin ba kowace SSD ce ke shiga kowane gurbi ba. Yawancin kwamfutocin da aka ƙera daga wajen 2007 zuwa 2016 suna da gurbi mai faɗin inci biyu da rabi da mahaɗin da ake kira SATA, kuma SSD mai wannan siffa tana zama daidai inda tsohon faifan ya tashi. Kaurinta milimita 7 ne, wasu tsofaffin gurabu kuma na milimita tara da rabi ne, sai a sa ɗan matashi na roba domin kada ta riƙa girgiɗi. Kwamfutocin da suka girmi 2011 da yawa mahaɗinsu na ƙarni na biyu ne, wanda ba ya wuce megabait 300 a daƙiƙa, amma ko a nan ma sauyin yana da amfani tunda ribar a wajen ƙananan fayiloli take. Sababbin kwamfutoci suna amfani da wata siririyar SSD mai suna M.2, wadda mafi yawanta faɗinta milimita 22 ne tsawonta 80. A nan ne mutane suka fi yin kuskure, domin M.2 iri biyu ce: akwai mai magana da harshen SATA, akwai mai magana da harshen NVMe, wadda ke iya gudun megabait 3,500 ko fiye. Siffarsu ta yi kama, amma gurbin da aka yi domin ɗaya ba lalle ne ya karɓi ɗayar ba, kuma mai shago ba kasafai yake karɓar kayan da aka ɓare kwalinsa ba. Akwai kuma ƙananan kwamfutoci masu araha da aka like ma'ajiyarsu a jikin babban allo, haka ma yawancin MacBook na kamfanin Apple daga shekarar 2016 zuwa gaba. Waɗannan babu batun sauyi a kansu sam. Lambar ƙirar da ke ƙarƙashin kwamfuta ita ce za a bi a duba littafin kamfanin da ya ƙera ta kafin a fitar da ko sisin kwabo.

Abu na uku, wanda ya fi sauran nauyi a lissafin ɗan kasuwa, ba ya cikin kwamfutar ma. A ranar 14 ga watan Oktoba na 2025 kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 kulawar da ya saba, wato ya daina aiko da gyare-gyaren tsaro na kyauta da ke toshe kafofin da masu kutse ke bi. A wannan rana ce kuma ya janye hannunsa daga manhajojin Office 2016 da Office 2019. Kamfanin ya buɗe wani shiri na ƙarin wa'adi, wanda ga ɗaiɗaikun mutane ya tsaya a ranar 13 ga Oktoba na 2026, ga kamfanoni kuwa ya sa farashin Dala 61 a kan kowace kwamfuta a shekarar farko, kuɗin kuma yana ninkawa kowace shekara har tsawon shekara uku. Magajiyarta, Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoba na 2021, tana da sharuɗɗa: tana buƙatar wata ƙwayar tsaro mai suna TPM 2.0, kuma a ƙa'ida ba ta karɓar firosesan Intel da ya girmi ƙarni na takwas, wanda ya fara fitowa a 2017, in ban da 'yan kaɗan.

Gane ƙarnin firosesa abu ne mai sauƙi, kuma ya kamata duk mai sayen kwamfuta ya san shi. Daga ƙarni na biyu zuwa na tara, lambar farko bayan ɗan layin da ke cikin sunansa ita ce ƙarnin. Core i5-3320M na ƙarni na uku ne, Core i5-6300U na shida, Core i5-8250U kuma na takwas. Mai shagon da ya ce wa mutum "Core i7 ce" ya tsaya a nan, bai faɗa masa abin da ya fi muhimmanci ba, domin i7 ta ƙarni na uku ta girmi i5 ta ƙarni na takwas da shekara biyar. Gaskiya ne masu gyara sun san dabarun cusa Windows 11 a kan tsohuwar kwamfuta, kuma takan yi aiki, amma Microsoft ya bayyana cewa bai ɗauki alkawarin aika wa irin waɗannan kwamfutoci gyare-gyare ba.

Abin da wannan ke nufi shi ne, kwamfuta mai firosesa na ƙarni na takwas ko sama wadda har yanzu take da faifai mai juyawa, sauya mata ma'ajiya ba ya buƙatar dogon tunani. Wadda ta girmi haka kuwa sai an dubi aikin da take yi. Idan buga wasiƙu ne da rubuta rasit da lissafin kayan sito, ba tare da ta riƙa shiga intanet ba, SSD za ta ba ta sabuwar rayuwa. Idan a kanta ake shiga asusun banki na kamfani, ko ake cike takardun shigo da kaya, ko ake ajiye bayanan abokan ciniki, to saurin da aka saya bai rufe ƙofar da aka bari a buɗe ba. A irin wannan hali akwai zaɓin a sa mata manhajar Linux, kamar Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda kyauta ne kuma suna samun gyaran tsaro, sai dai manhajojin lissafin kuɗi da dama da aka saba da su a ofisoshi an yi su ne domin Windows, don haka a tambayi akanta tukuna.

Daga nan sai lissafi. Alkaluman da ke biye na misali ne, mai karatu sai ya sa farashin ranar da zai saya a gurbinsu. A ɗauka SSD mai gigabait 500 ta kai Dala 40, wato Naira 60,000 idan Dala tana Naira 1,500, da ladan mai gyara kuma jimla ta kama Naira 75,000. Idan gyaran ya ba kwamfutar shekara biyu na aiki, kuɗin ya kama Naira 37,500 a shekara. Sabuwa ta Naira 750,000 da za ta yi shekara biyar kuwa ta kama Naira 150,000 a shekara. Bayan wannan akwai abin da ba ya fitowa a rasit, wato tsadar jari. Rarar Naira 675,000 da ba a kashe ba tana iya juyawa a cikin kaya. A watan Nuwamba na 2024 Babban Banki ya kai kuɗin ruwan da yake auna bashi da shi zuwa kashi 27.5 cikin ɗari, kuma ko ɗan kasuwar da ba ya mu'amala da bashi mai ruwa yana iya ɗaukar wannan a matsayin ma'aunin yadda kuɗi ya yi tsada a ƙasa. A wannan ma'auni, ɗaure Naira 675,000 a jikin na'ura yana daidai da hasarar sama da Naira 185,000 a shekara.

Rashin yin komai ma yana da nasa farashin, ko da yake ba a cika lissafa shi ba. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 shi ne Naira 70,000. Idan aka raba shi a kan kwana 22 na aiki, awa takwas kowace rana, awa ɗaya ta kama kusan Naira 400. Ma'aikacin da ke ɓata rabin awa kullum yana jiran kwamfuta yana cinye wa ubangidansa Naira 200 a rana, sama da Naira 52,000 a shekara, kuma wannan a mafi ƙarancin albashi ke nan, ba a sa man janareton da ke ƙonewa a lokacin jiran ba, balle abokin cinikin da ya gaji ya wuce shagon gaba.

Inda lissafin ke juyewa shi ne idan kwamfutar tana da wasu cututtukan. SSD da RAM da batir da madannai da karyayyen marfi, idan aka haɗa kuɗinsu ya doshi rabin kuɗin tokumbo mai ƙarni na takwas, irin su HP EliteBook 840 G5 ta shekarar 2018 wadda da SSD ɗinta take zuwa, to hikima ita ce a sayar da tsohuwar a cika a sayi waccan. Gyara bisa gyara a jikin na'urar da ta haura shekara goma sha biyu yakan zama gyaran gangar auzinawa.

Shi kansa farashin SSD ba a Ikeja ake yanke shi ba. Kamfanonin da ke ƙera ƙwayar ajiyar a duniya ba su wuce a ƙirga da yatsu ba: Samsung da SK hynix na Koriya ta Kudu, Kioxia na Japan wanda a da sashen Toshiba ne, Micron da SanDisk na Amurka, sai YMTC na ƙasar Sin. Sauran sunayen da ke kan kwalaye a kasuwa daga wajen waɗannan suke sayen ƙwayar su harhaɗa. A ƙarshen shekarar 2025 farashin ƙwayoyin ajiya da na RAM ya yi tashin gwauron zabo, saboda manyan cibiyoyin kwamfuta masu aikin ƙirƙirarriyar basira sun riƙa kwashe abin da masana'antun ke fitarwa. A watan Disamba na wannan shekarar ma Micron ya ba da sanarwar zai daina sayar wa ɗaiɗaikun mutane kayansa masu tambarin Crucial, domin ya fuskanci waɗancan manyan masu saye. Tsohuwar al'adar da aka sani ta cewa kayan kwamfuta kullum sauka suke yi, ba abin dogaro ba ce ga wanda ke tunanin jinkirta saye.

Duk lokacin da kaya ya yi tsada kuwa, jabu yakan yawaita, kuma araha ba ta ado. Dabarun iri biyu ne aka fi sani. Na farko, ma'ajiyar da aka rubuta wa terabait 1 ko 2 a jiki, har kwamfuta ma ta nuna hakan, alhali ainihin abin da ke ciki ɗan kaɗan ne. Tana karɓar fayiloli lafiya lau har sai wurin gaskiya ya cika, daga nan ta fara taka na farko da na baya ba tare da ta sanar ba. Na biyu, SSD da aka ciro daga wata kwamfuta aka sa a sabon kwali. Akwai manhajoji na kyauta da ke tona asirin duka biyun. H2testw tana cika ma'ajiyar da bayanai ta sake karantawa domin ta tabbatar da girmanta na gaskiya, CrystalDiskInfo kuma tana nuna awannin da ma'ajiyar ta yi a kunne da yawan abin da aka taɓa rubutawa a cikinta. Mai sayen da ya nemi a yi gwajin a gabansa, ya kuma karɓi rasit mai lambar kayan da wa'adin garanti a rubuce, ya kauce wa cinikin biri a sama. Sai dai kada a zargi mai shago a kan abin da ba laifinsa ba: SSD mai gigabait 500 takan nuna kimanin 465 a Windows, mai 256 kuma ta nuna 238, saboda kamfanoni da Windows ba da mudu ɗaya suke awo ba. Ga aikin ofis gigabait 256 yana isa, 500 ya fi ba da sarari, kuma yana da kyau a bar kashi ɗaya cikin biyar babu komai, domin cikakkiyar SSD takan rage gudu.

Aikin sauyin kansa bai cika wuce awa ɗaya ko biyu ba. Ana iya kwafe tsohon faifan baki ɗaya zuwa sabuwar ma'ajiya ta hanyar waya mai haɗa SATA da USB, da manhaja irin su Clonezilla, sai kwamfuta ta tashi da komai yadda aka bar shi. Ana kuma iya sa Windows sabuwa fil, wanda ya fi tsabta ga kwamfutar da ta tara tarkace da ƙwayoyin cuta, amma sai an sake sa kowace manhaja. Lasisin Windows a jikin babban allo yake rataye, don haka sauya ma'ajiya ba ya ɓatar da shi. Wasu manhajojin lissafin kuɗi kuwa sukan nemi a sake shigar da lambar lasisinsu, haka nan faifan da aka kulle da BitLocker yana buƙatar mabuɗinsa, saboda haka a tanadi waɗannan lambobi a takarda kafin a kwance ko noti ɗaya.

Tsoron da wasu ke yi cewa SSD tana saurin ƙarewa ba shi da ƙarfi ga aikin ofis. Gaskiya ne kowace ƙwaya tana da iyakar yawan rubutun da za ta ɗauka, amma Samsung, alal misali, ya ba 870 EVO mai gigabait 500 garantin shekara biyar ko rubutun terabait 300. Ofishin da ke rubuta gigabait 20 kullum zai yi shekara 41 kafin ya kai wannan adadi. Tana kuma jure girgiza da faɗuwa fiye da faifai mai juyawa, abin da ke da muhimmanci ga fataken da ke yawo da kwamfuta a jaka a kan hanyar Legas zuwa Kano.

Haɗarinta na gaskiya a wani wuri yake. Faifai mai juyawa yakan yi gargaɗi kafin ya mutu, ya fara ƙara ko ya ƙara nawa, kuma ƙwararru sukan iya ceto wani abu daga farantinsa. SSD takan mutu farat ɗaya, ceto bayanai daga cikinta yana da wuya da tsada, kuma fayil ɗin da aka goge bisa kuskure ba kasafai ake iya dawo da shi ba, domin ita da kanta take share wuraren da aka ce an gama da su. Ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu na iya lalata bayanai a cikinta, kuma kwamfutar da batirinta ya mutu, wadda ke mutuwa da zarar an ɗauke wuta ko janareto ya yi tari, tana cikin wannan haɗari kullum. A irin wannan kwamfuta kuɗin batir yana cikin kuɗin gyaran. Bugu da ƙari, SSD da aka ajiye shekara da shekaru ba a kunna ba, musamman a ɗaki mai zafi, tana iya fara zubar da abin da ke cikinta, don haka ba ita ce ta dace da ajiyar tsofaffin littattafan kamfani a durowa ba.

A nan tsohon faifan da aka cire yake da sauran amfani. Idan lafiyarsa ƙalau, ana sa shi a ɗan akwatin USB ya zama wurin ajiye kwafin littattafan lissafi kowane mako, a kuma ajiye shi a wani wuri daban da inda kwamfutar take kwana, saboda gobarar kasuwa da ɓarayi. Abin da bai kamata ba shi ne a bar shi a teburin mai gyara a matsayin ragin lada. A cikinsa akwai sunayen abokan ciniki da lambobin asusunsu da hotunan katunan shaidarsu, kuma goge fayil ko yi wa faifai fomat na gaggawa ba ya kawar da su daga farantin. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ɗora alhakin tsare irin waɗannan bayanai a kan kamfanin da ya tattara su, ta kuma ba hukumar da ta kafa ikon cin tara. Faifan da ba za a sake amfani da shi ba, sai a shafe shi da manhajar da ke rubuta wani abu a kan kowane sashe nasa, ko kuwa a huda farantin da na'urar huda ƙarfe kafin a miƙa shi ga 'yan gwangwan.